Wasan Othello ya cancanci ɗan fili a shafin ilimi

Ya Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ara mini fili a wannan jarida tamu domin in yi wa masu karatu bayani a kan wani wasan allo da na koya a cikin watannin nan, bayan na ajiye alli na yi ritaya daga koyar da lissafi a makarantar sakandare. Sunan wasan Othello, wasu kuma suna kiransa Reversi, kuma mutum biyu ne suke yinsa. Dalilin rubutun shi ne, a duk shekarun da na yi ina neman hanyar da zan sa ɗalibi ya riƙa tunani kafin ya miƙa hannu, ban ci karo da abin da ya kai wannan wasa araha da saurin shiga kai ba, kuma ina ganin idan jarida ta kula da shi, malamai da iyaye da yawa za su amfana.

Jikana ne ya kawo mini shi a wayarsa lokacin da ya zo hutu, yaro ɗan shekara goma sha uku, ya ce tunda ina cika baki a kan dara, in zo mu gwada wannan. Bayanin dokokin bai ɗauke shi minti biyar ba, ni kuwa na raina abin, domin na ga babu wani sarƙaƙiya a ciki. Allon yana da gidaje 64, takwas a tsaye takwas a kwance, 'ya'yan wasan ma 64 ne, kowane ɗa kuma yana da fuska biyu, ɗaya baƙa ɗaya fara. Ana farawa da 'ya'ya huɗu a tsakiyar allo, biyu baƙaƙe biyu farare, an jera su a karkace, kuma mai baƙi shi ne yake fara sakawa. Idan zagayenka ya zo, sai ka ajiye ɗa a gidan da babu kowa, da sharaɗin cewa ɗan da ka ajiye da wani ɗanka da yake kan allo su saka 'ya'yan abokin karawarka a tsakiya a kan layi ɗaya miƙaƙƙe, ko a tsaye ko a kwance ko a karkace, ba tare da wani gida ya rage a buɗe a tsakaninsu ba. Duk 'ya'yan da aka rutsa da su haka sai a kife su, su koma launinka. Idan sakawa ɗaya ta rutsa da 'ya'ya ta fuskoki biyu ko uku, wajibi ne a kife su duka, ba a zaɓe. Ɗan da aka ajiye ba ya matsawa daga gidansa kuma ba a cire shi daga allo har wasa ya ƙare, launinsa kawai yake sauyawa. Wanda ba shi da gidan da zai saka ya kife ko da ɗa ɗaya, zagayensa ya wuce shi, wanda kuwa yake da gidan sakawa dole ya saka ko da ba ya so. Idan allo ya cika, ko kuma dukkan 'yan wasan biyu suka rasa wurin sakawa, sai a ƙirga, wanda launinsa ya fi yawa shi ya yi nasara.

Na tsaya a kan dokar tilas, wato dole mutum ya saka ko da ba ya so, saboda ita ce zuciyar wasan, ni kuma ban gane haka ba sai da na sha kaye fiye da yadda zan so in faɗa a jarida. A wasanmu na farko na shiga da tunanin dara da na diraf, inda cin ɗan abokin karawa riba ce a kowane lokaci. Duk inda na hango gidan da zai kife mini 'ya'ya biyar ko shida, can nake zuba, har allo ya yi baƙi ƙirin da 'ya'yana, yaron kuwa ba shi da fiye da bakwai ko takwas a tsakiya. Na ɗaga kai na dube shi da tausayi, sai ya ce, "Kaka, ci gaba da tarawa, ai ajiya kake yi mini." Na ɗauka wasan jika ne da kaka, ashe gaskiya ya faɗa. Da aka kai saura gidaje kamar goma sha biyar, sai na ga ba ni da wurin sakawa in ban da gidaje biyu, kuma kowannensu yana buɗe masa kusurwa. Ya kama kusurwa ɗaya, ya bi gefen allo yana kifewa layi bayan layi, sau biyu zagayena yana wuce ni saboda na rasa gida, aka tashi yana da 51 ina da 13.

Abin da ya faru yana da bayani na lissafi, kuma shi ne darasin farko da duk mai koyo yake buƙata. Mutum ba ya iya sakawa sai a gidan da yake maƙwabtaka da ɗan abokin karawarsa. Saboda haka duk lokacin da 'ya'yanka suka yi yawa suka kewaye nasa, kai ne kake ba shi wuraren sakawa masu yawa, kai kuma kana toshe wa kanka hanya, domin 'ya'yansa kaɗan ne kuma suna lulluɓe a cikin naka. Masana wasan suna kiran 'ya'yan da suke bakin gidajen da babu kowa da sunan da ma'anarsa iyaka ce, idan kuwa suka jeru da launi ɗaya sai su ce katanga. Wanda ya gina doguwar katanga, kansa ya tsare a bayanta. Abin da gwani yake ƙirgawa a farkon wasa da tsakiyarsa shi ne yawan gidajen da zai iya sakawa da yawan waɗanda abokin karawarsa zai iya sakawa, yawan 'ya'ya kuwa ba ya damunsa sai an zo ƙarshe. Don haka za ka ga yana neman sakawar da za ta kife ɗa ɗaya ko biyu da suke can cikin tsakiya, waɗanda wasu 'ya'yan suka riga suka kewaye, domin irin wannan sakawa ba ta buɗe wa ɗaya ɓangaren sabuwar ƙofa. Sannu a hankali gidajen abokin karawa masu kyau su ƙare, dokar tilas ta kama shi, ya saka da hannunsa a inda ya san zai cuce shi. Na daɗe ina jin Hausawa suna cewa kwaɗayi mabuɗin wahala, amma a wannan allo ne na fara ganin an auna shi da lamba.

Darasi na biyu shi ne kusurwa, kuma wannan ko sabon shiga yakan hango shi da wuri. Ɗan da ya zauna a ɗaya daga cikin kusurwoyi huɗu ba a iya kife shi har abada, tunda babu gida a bayansa da za a saka a rutsa da shi, sannan duk 'ya'yan da suka jingina da shi a gefen allo su ma sun tsira, daga nan kuma ake faɗaɗa yankin da ba ya taɓuwa. Abin da sabon shiga ba ya hangowa shi ne hatsarin gidajen da suke maƙwabtaka da kusurwa. Ana yi wa gidajen allo suna da haruffa daga a zuwa h da lambobi daga 1 zuwa 8, don haka kusurwoyin su ne a1 da h1 da a8 da h8. Gidaje huɗu da suke daf da su a karkace, wato b2 da g2 da b7 da g7, su ne mafi muni ga wanda ya saka a cikinsu da wuri, domin kusan kullum sakawar tana zama tsani ga abokin karawa ya hau kusurwa. Gidaje takwas da suke daf da kusurwa a gefe, irin su b1 da a2, hatsarinsu bai kai na waɗancan ba, amma su ma ba a shiga su sai da lissafi. Bayan na fahimci wannan sai na wuce gona da iri, na riƙa gudun waɗannan gidaje kamar an ce akwai maciji a ciki, har yaron ya nuna mini cewa akwai lokacin da gwani yake bayar da kusurwa da gangan, domin idan abokin karawa ya kama ta, sai wani gida ya buɗe a tsakanin 'ya'yansa biyu a gefe, a cusa ɗa a wurin wanda ba ya kifuwa, daga nan a kama kusurwa ta gaba tare da dukan layin. Wannan dabara ta ɗauke ni makonni kafin idona ya saba da ganinta, kuma har yanzu wani lokaci sai bayan an yi mini ita nake farga.

Darasi na uku shi ne wanda ya fi burge ni a matsayina na malamin lissafi, domin batu ne na shafa'i da wutiri. Bayan 'ya'ya huɗu na farko, gidaje 60 ne suke saura, kuma tunda baƙi ne yake farawa, idan ba wanda zagaye ya wuce, fari ne zai yi sakawa ta ƙarshe. Sakawa ta ƙarshe tana da daraja saboda abin da ta kife ba mai sake kife shi. Idan wasa ya yi nisa, gidajen da suka rage sukan kasu ƙananan yankuna, nan uku, can biyu, can kuma huɗu, kuma ƙa'idar ita ce ka yi ƙoƙari ka zama mai sakawa ta ƙarshe a kowane yanki. Hanyar samun haka kuwa ita ce ka shiga yankin da adadin gidajensa wutiri ne, ka bar wa abokin karawarka ya fara taɓa wanda adadinsa shafa'i ne. Na shekara da shekaru ina koya wa yara bambancin lambar da take rabuwa biyu daidai da wadda ba ta rabuwa, suna haddacewa domin jarrabawa su manta bayan mako guda, amma yaron da ya rasa 'ya'ya goma saboda ya shiga yanki mai gidaje biyu maimakon mai uku, ba sai an sake maimaita masa ba. A sakawa shida ko bakwai na ƙarshe kuma wasan yakan koma tsantsar ƙirge, mutum ya lissafa a ransa cewa idan na saka nan zan sami kaza, ya mayar da kaza, in ƙare da kaza, sannan ya gwada da ɗaya hanyar. Wasanni da yawa tsakanin waɗanda ƙarfinsu ya zo ɗaya sukan ƙare da 33 da 31, wani lokaci kuma a yi kunnen doki 32 da 32.

Asalin wasan daga Ingila yake, inda ya fito da sunan Reversi a shekarun 1880, kuma mutum biyu, Lewis Waterman da John Mollett, kowannensu ya yi iƙirarin shi ya ƙirƙiro shi. Siffar da duniya take amfani da ita yanzu kuwa daga Japan ta zo, ta hannun Goro Hasegawa, mutumin birnin Mito, wanda ya daidaita dokokin, ya tsayar da yadda ake jera 'ya'ya huɗun farko, aka fara sayar da shi a kasuwa a 1973 da allo kore. Mahaifinsa, wanda masanin adabin Ingilishi ne, shi ya ba da sunan Othello daga wasan kwaikwayon Shakespeare, inda jarumin baƙi ne matarsa kuma fara. An yi gasar duniya ta farko a Tokyo a 1977, Hiroshi Inoue ya lashe ta, kuma tun daga lokacin 'yan Japan ne suka fi kowa yawan ɗaukar kambun, har ɗaya daga cikinsu, Hideshi Tamenori, ya ɗauka sau bakwai. Abin da ya fi jan hankalina a tarihin shi ne cewa 'ya'yan da Hasegawa ya yi gwaji da su da marafan kwalaben madara ya haɗa su, wanda ya nuna cewa tun asali wasan bai dogara da kayan tsada ba.

Akwai kuma labarin da nake so iyaye su ji. A gasar duniya ta 2018 da aka yi a birnin Prague, wani yaro ɗan Japan mai suna Keisuke Fukuchi ya zama zakaran duniya yana da shekara 11, ya karya tarihin da Kunihiko Tanida ya kafa a 1982 lokacin da ya yi nasara yana da shekara 15. Tanida ya girma ya zama matuƙin jirgin sama, kuma shi ne ya tuƙo jirgin da ya mayar da yaron gida, har ya sanar wa fasinjoji ta lasifika cewa wanda ya karya tarihinsa yana cikinsu. Na kawo wannan ne domin in nuna cewa wasa ne da ƙaramin yaro zai iya kai wa ƙololuwa a cikinsa, ba ya buƙatar ƙarfin jiki ko babban fili ko takalmi na musamman, mata da maza kuma duk ɗaya suke a gaban allo.

Game da koyo a waya ko kwamfuta, ina da ra'ayi biyu. Na'ura ta daɗe da fin ɗan Adam a wannan wasa, domin tun a 1997, shekarar da kwamfuta ta doke zakaran ces na duniya Garry Kasparov a wasan ces, wata manhaja mai suna Logistello da Michael Buro ya rubuta ta doke zakaran duniya Takeshi Murakami wasa shida ba ko ɗaya. A 2023 kuma wani mai bincike ɗan Japan, Hiroki Takizawa, ya fitar da sakamakon lissafin kwamfuta da yake nuna cewa idan kowane ɓangare bai yi kuskure ko ɗaya ba, wasan kunnen doki zai ƙare. Amfanin manhaja ga mai koyo shi ne bayan an gama wasa tana iya nuna masa sakawar da ta kayar da shi, wadda sau da yawa ba ita ce ta ƙarshen da yake zargi ba, wata ce can baya da ya yi ba tare da ya ji komai ba. Illarta kuwa ita ce tana haskaka gidajen da za a iya sakawa, tana kuma kife 'ya'yan da kanta, sai ido ya yi lalaci. Ranar da muka fara wasa a kan allo na hannu na tarar ina manta layukan karkace, ina kife na tsaye in bar na karkace, wanda ya tabbatar mini cewa a da wayar ce take gani a madadina. Haka nan ban goyi bayan a fara wa yaro da haddar buɗe wasa ba. Gaskiya ne cewa sakawa huɗu da baƙi yake da su a farko duk ɗaya suke idan aka juya allo, kuma idan ya saka a f5 fari yana da amsa uku ne kacal, f6 ko d6 ko f4, daga nan hanyoyi suke rarrabuwa da sunaye irin su damisa da saniya da ɓauna. Amma wanda ya haddace sakawa goma bai san dalilinsu ba, a ta goma sha ɗaya zai koma gidan jiya.

Na san wasu masu karatu za su yi tambaya biyu, kuma dukkansu suna da hujja. Ta farko ita ce ko wannan ba wata ƙofar caca da ɓata lokaci ba ce. Amsata ita ce babu ƙuri'a a cikinsa, babu kati a ɓoye, babu sa'a, komai yana bayyane a gaban 'yan wasan biyu, kuma tunda sakawa ba ta wuce 60, wasa ɗaya na gida yawanci ba ya cin fiye da minti ashirin zuwa talatin. Kiyaye lokacin salla da na karatu kuwa nauyi ne a kan iyaye da malamai a kowane irin wasa, ba wannan kaɗai ba. Tambaya ta biyu ita ce me ya sa zan tallata wasan waje alhali darar da muka gada, mai gidaje talatin da 'ya'ya goma sha biyu ga kowane ɓangare, tana neman ɓacewa a birane. Wannan ta fi taɓa ni, domin ni ɗan dara ne tun ina yaro. Abin da na gani a gidana shi ne bayan yaron ya gaji da kayar da ni a wasansa, sai ya nemi in koya masa nawa, muka haƙa gidaje a ƙasa a ƙofar gida da tsinke da tsakuwa, na rama kayen da na sha har da riba. Wasannin biyu suna horar da abu daban-daban, dara tana koyar da shirya tarko da jeri, Othello yana koyar da haƙuri da ƙin abin da yake gaban ido, kuma yaron da ya ɗanɗani zaman tunani a gaban allo ɗaya ba ya ƙin zama a gaban na biyu.

Allon da muke amfani da shi yanzu bayan kwalin taliya ne da na zana wa layuka tara a tsaye tara a kwance da rula. 'Ya'yan kuma marafan kwalaben lemo ne guda 64 da yaran unguwa suka tattaro mini a kwana biyu, ba mu ko shafa musu fenti ba, muka yi yarjejeniya cewa marfin da yake kife shi ne baƙi, wanda yake buɗe shi ne fari. Yaran da suka kawo marafan sun ƙi tafiya sai da aka koya musu, yanzu kuma kusan kullum bayan la'asar akwai layi a zaurena, har wata yarinya 'yar aji biyar a firamare ta fara ba jikan nawa wahala a hutun da ya wuce.

Roƙona gare ka, ya Edita, shi ne ka ware ɗan ƙaramin fili a shafin ilimi ko na yara, ko da sau ɗaya a mako, a riƙa buga zanen allo da ya rage gidaje biyar ko shida, a tambayi masu karatu wace sakawa ce za ta ba baƙi ko fari nasara, a kawo amsa da bayaninta a fitowa ta gaba. Ina kuma kira ga shugabannin makarantu da malaman lissafi su gwada shi a lokacin ƙungiyoyin ɗalibai, tunda kwali da marafai ba sa buƙatar a jira kasafin kuɗi daga ma'aikata. Idan jarida ta amince, ina da irin waɗannan matsaloli guda goma sha biyu da na tsara daga wasanninmu na zaure, na kuma tantance amsoshinsu, kuma a shirye nake in aiko da su ba tare da an biya ni komai ba.

Na gode da filin da aka ba ni. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka mai karatu,
Wani tsohon malamin lissafi, Zariya.